Yadda ake zaɓen kebul ɗin ɗumama bututu da tanki a masana'antu

Kebul ɗin ɗumama da ake shimfiɗawa a jikin bututu aikinsa ɗaya ne: ya mayar da zafin da ke zurarewa ta cikin bargon da aka lulluɓe bututun da shi. Idan bututu yana asarar wat 20 a kowace mita, kebul ya zuba wat 20 a kowace mita, abin da ke ciki ya zauna yadda yake, bai daskare ba, bai yi kauri ba. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai fara da tambayar wane kebul ne ya fi ƙarfi ko ya fi araha ba. Zai fara da bututun kansa, da abin da ke gudana a cikinsa.

Mataki na farko: tattara lambobi kafin ka buɗe kundin kowane kamfani

Lamba ta farko ita ce zafin da ake son riƙewa. Ruwan da ake gudun ya zama ƙanƙara digiri 5 na ma'aunin Salshiyas ya ishe shi. Ruwan soda mai ƙuna wanda ƙarfinsa ya kai kashi 50 cikin 100 yakan fara daskarewa a wajen digiri 12, don haka ana riƙe shi sama da nan da tazara mai kyau. Narkakkiyar farar wuta ta fi su wahalar sha'ani: tana daskarewa a wajen digiri 115 zuwa 119, kuma idan ta haura kusan 160 sai ta yi kauri sosai ta ƙi gudana, saboda haka a tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake tsare ta. Kwalta da man ƙona mai nauyi kowanne da nasa zafin. Wannan lamba daga hannun injiniyan sarrafa kayan take fitowa, mai aikin lantarki kada ya ƙiyasta ta da ka.

Ta biyu ita ce sanyi mafi tsanani da wurin ke gani, tare da ƙarfin iska idan bututun a fili yake.

Ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi kashe kebul: zafi mafi girma da jikin bututun zai taɓa kaiwa, ko da na awa ɗaya ne a shekara, ko da kebul ɗin a kashe yake. Layin da ake riƙewa a digiri 40 amma ake wanke cikinsa da tururi mai matsin bar 10 (bar ma'aunin matsi ne) zai kai kusan digiri 180 ranar wanki. Kebul ɗin da iyakar juriyarsa 85 ce ya gama aiki daga wannan ranar, ko da rigarsa ta waje tana nan lafiya lau a ido. Ka tambayi masu gudanar da layin, ka kuma tambayi masu gyara, domin sau da yawa wankin tururi ba ya cikin zanen farko.

Sai sauran: tsawon layin da inda wutar lantarki take, faɗin bututun da abin da aka yi shi da shi, irin bargon da kaurinsa, sinadaran da za su iya zuba a kan kebul, da kuma ko wurin yana cikin yankin da iskar gas ko ƙura mai kamawa da wuta ke iya taruwa.

Mataki na biyu: lissafin zafin da ke zurarewa

Ga bututu mai bargo hawa ɗaya, asarar kowace mita ita ce:

q = 2π × k × (zafin riƙewa − sanyin waje) ÷ ln(D2 ÷ D1)

D1 shi ne faɗin bututun daga waje, D2 faɗinsa tare da bargo, k kuma yawan zafin da bargon ke bari ya ratsa shi, ln kuwa logaridim ne da ake samu a maɓallin ln na kalkuleta. Ga audugar dutse a matsakaicin zafi, k yana wajen 0.04.

A ɗauki bututu mai inci biyu, faɗinsa na waje milimita 60.3, da bargo mai kaurin milimita 40. D2 ya zama 140.3. Ana son riƙe digiri 60, sanyin waje kuma yana kaiwa 10 ƙasa da sifili, tazarar ta zama 70. Lissafin ya ba da kusan wat 21 a mita. A ƙara kashi 20 cikin 100 saboda raguwar ƙarfin wuta da tsufan bargo, sai a nemi kebul mai ba da wat 25. Da bargon milimita 25 ne kawai, asarar za ta tashi zuwa wat 29 tun kafin a yi ƙari. Wato ƙarin kaurin bargo yakan sauko da kai zuwa ƙaramin kebul, da'ira mai tsawo, da kuɗin wuta kaɗan har tsawon rayuwar layin, shi ya sa ya kamata a duba bargo kafin a duba kebul.

Bawul, filanji, famfo da ƙafafun da ke riƙe bututu duk ƙarfe ne mai yawa da ke shan zafi. Kowanne yana buƙatar ƙarin tsawon kebul, kuma kamfanonin da ke ƙera kebul suna ba da jadawalin wannan ƙari gwargwadon girman bututu. A haɗa shi cikin jimlar tsawon tun yanzu.

Mataki na uku: wane irin kebul

*Mai daidaita kansa.* Wayoyin jan ƙarfe biyu ne a jere, tsakaninsu roba mai gauraye da garin kabon wadda wuta ke ratsawa daga waya ɗaya zuwa ɗayar a kowane taki na tsawon kebul ɗin. Idan wuri ya yi sanyi robar takan tsuke, hanyoyin kabon su haɗu, wuta ta ƙaru. Idan ya yi zafi sai ta buɗe, hanyoyin su tsinke, wutar ta ragu. Kamfanin Raychem ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970, kuma yau shi ne aka fi amfani da shi a gajerun layuka masu rassa da bawul da yawa. Ana yanka shi daidai tsawon da ake so a wurin aiki, yana iya hawa kan kansa a jikin bawul ba tare da ya ƙone ba, kuma kowane yanki yana amsa zafin da ke gefensa.

Hawa uku ake samunsa. Na ƙasa yana riƙe har digiri 65, ya jure 85 a kashe. Na tsakiya yana riƙe wajen 110 zuwa 120. Na sama yana riƙe 150 ko fiye, ya jure sama da 200, kuma shi ne ake sa wa layin da ake wankewa da tururi.

Wurare biyu ake faɗawa rami da shi. Na ɗaya, lambar wat da ke rubuce a jikinsa a digiri 10 aka auna ta. Kebul na hawan ƙasa da aka rubuta wa wat 30 zai iya ba da ƙasa da rabin haka a digiri 60. A misalinmu na sama ana neman wat 25 ne a digiri 60, saboda haka dole a buɗe zanen da ke nuna yadda ƙarfinsa ke sauka, a karanta shi a kan zafin riƙewa. Na biyu, idan aka kunna shi yana da sanyi yakan ja wuta fiye da ta aikinsa na yau da kullum na ɗan lokaci. Wannan jan farko ne ke ƙayyade girman bireka da iyakar tsawon da'ira, wanda a volt 230 yakan kama daga mita gommai zuwa wajen ɗari biyu. Da'irar da aka tsawaita fiye da jadawali za ta yi aiki lafiya a ranar gwaji mai ɗumi, sannan ta riƙa faɗar da bireka a daren da aka fi buƙatarta. Kuma kada sunansa ya ruɗe ka: daidaita kansa ba ya nufin zai tsaya a zafin da kake so. Ragewa yake yi, ba ya kashe kansa, don haka har yanzu yana buƙatar na'urar kula da zafi.

*Mai wat tsayayye, mai gaɓa-gaɓa.* Nan ma wayoyi biyu ne masu kai wuta, amma an naɗe su da siririyar wayar nikel da kuromiyam wadda ke taɓa waya ɗaya a nan, ta taɓa ɗayar a gaba, kusan kowace mita guda. Kowace gaɓa ƙaramin hita ce mai zaman kanta. Ƙarfinsa ba ya canzawa da zafin bututu, ba shi da jan farko mai yawa, lissafin bireka ya zo da sauƙi. Ana yanka shi a wurin aiki, sai dai daga inda aka yanka zuwa mahaɗa ta gaba ba ya yin zafi. A farkon layi wannan alheri ne, domin wannan yankin ne ke shiga akwatin haɗi. A ƙarshen layi kuwa matsala ce: idan aka yanke nesa da mahaɗa, kusan mita guda ta bututu za ta zauna babu ɗumi, galibi daidai kan bawul na ƙarshe. Ba ya yarda ya hau kan kansa ko ya nutse cikin bargo, domin zai ci gaba da zuba zafi har rigarsa ta narke. Idan gaɓa ɗaya ta mutu sauran suna ci gaba da aiki, abin da ke sa laifin ya ɓuya.

Akwai ɗan'uwansa mai rage ƙarfi, wanda wayar naɗinsa turjiyarta ke ƙaruwa kaɗan idan ta yi zafi. Yana cike gurbin da ke tsakanin digiri 150 da ɗan sama da 200, inda mai daidaita kansa ya fara gajiya amma ba a kai ga buƙatar kebul mai rigar ƙarfe ba.

*Mai turjiya a jere, mai rigar roba.* Wayar da ke kai wutar ita ce ke yin zafin, daga farko har ƙarshe. Ƙarfinsa ya dogara da boltej da jimlar turjiya, don haka tsawonsa wani ɓangare ne na lissafi. A ce an tsara mita 100 a volt 230 don ya ba da wat 20 a mita: jimla wat 2,000, turjiya kusan om 26.5. Idan ma'aikaci ya ga ya yi yawa ya yanke mita 20, turjiya ta sauka zuwa wajen om 21, jimlar ƙarfi ta hau zuwa wat 2,500 a kan mita 80, wato sama da wat 31 a mita. Yanke kashi ɗaya cikin biyar ya ƙara zafin kowace mita da fiye da rabi. Amfaninsa yana kan dogon layi miƙaƙƙe, daga ɗaruruwan mitoci zuwa 'yan kilomitoci daga wurin wuta guda, sau da yawa da layuka uku a kan wuta mai fuska uku. Tsinkewa a wuri ɗaya tana kashe da'irar gaba ɗaya.

*Mai rigar ƙarfe, wanda ake kira MI.* Shi ma a jere yake, amma maimakon roba an danƙare wayar cikin garin magnisiya, an rufe da siririn bututun ƙarfe: jan ƙarfe, ƙarfe mara tsatsa, ko gaurayen nikel irin Alloy 825. Babu abin da zai narke a cikinsa, shi ya sa yake aiki a digiri 400 zuwa 500, ya jure 600, ya kuma ba da wat ɗari ko fiye a mita. Idan zafin ya wuce 260, inda robobi masu jure zafi suke tsayawa, zaɓin ya rage gare shi.

Wahalarsa ita ce taurin kai. A masana'anta ake haɗa shi daidai tsawon da aka yi oda, da wutsiya mara zafi a ƙarshensa, saboda haka sai an auna bututun da aka riga aka gina, zane kaɗai ba ya wadatarwa. Ba a lanƙwasa shi ƙasa da ninki shida na faɗinsa, kuma yawan lanƙwasawa da miƙewa a wuri ɗaya yana tsaga rigar. Garin magnisiya yana shan laima: ƙaramar tsaga ko murfin da bai rufu ba ya isa ya saukar da ƙarfin kariyar da ke hana wuta yoyo daga wayar zuwa rigar. Mahaɗar da ke tsakanin sashe mai zafi da wutsiya ita ce wuri mafi rauni, kada a lanƙwasa kusa da ita. Jikinsa kuma yakan fi bututun zafi nesa ba kusa ba, abin da ke da nauyi sosai a yankin gas.

*Tsarin bututun ƙarfe mai waya a ciki.* Ga layin da ya kai kilomitoci masu yawa, kamar na ɗanyen mai mai kaki ko na farar wuta daga matata zuwa tashar jiragen ruwa, ana walda ko ɗaure ƙaramin bututun baƙin ƙarfe a jikin babban, a zura waya mai riga a cikinsa, a haɗa su biyun a can ƙarshe. Wutar da ke juyawa takan tafi ta waya ta dawo ta bangon ciki na ƙaramin bututun kawai, don haka bayansa kusan babu boltej, ana iya haɗa shi da ƙasa. A Japan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1960. Yana kaiwa wajen kilomita 25 daga tiransifoma guda, da boltej na dubbai. Bai dace da layi mai rassa ba, kuma kowane aiki sai an zana masa nasa tsarin, da akwatunan jan waya a kan hanya.

Akwai kuma hanyar da ake tura wuta mai ƙaramin boltej da amfiya mai yawa ta jikin bututun kansa. Tana ba da zafi daidai ko'ina, amma sai an raba bututun da ƙafafunsa da sauran ƙarafa ta fuskar lantarki, kuma wannan ne ke taƙaita ta.

Wajen yanke shawara, fara da zafi mafi girma da kebul zai gani, ka zubar da duk wanda ba zai jure ba. Sannan tsawo. Sannan yawan bawul da rassa. Idan bayan wannan mai daidaita kansa yana cikin waɗanda suka rage, yawanci shi ya kamata a ɗauka ko da mitarsa ta fi tsada, domin yana yafe kurakuran hannu da sauran ba sa yafewa.

Tanki

Asarar bangon tanki ita ce faɗin fili × k × tazarar zafi ÷ kaurin bargo. Bango mai murabba'in mita 20, bargon audugar dutse milimita 50 (mita 0.05), tazara 40, ya ba da wat 640. Wannan bango ne kaɗai. Rufi, gindin da ke zaune a kan siminti, ƙafafu, tsani da ƙofar shiga sai an lissafa su daban, kuma a ƙaramin tanki za su iya kamo asarar bangon.

A bambanta riƙe zafi da ɗaga zafi. Ɗaga lita 1,000 na ruwa da digiri 10 yana cin kusan kilowat-awa 11.6. Idan ana cika tankin da kaya mai sanyi ana kuma son ya ɗumama cikin 'yan awoyi, wannan aikin hitar da ake nutsarwa ciki ne.

A naɗe kebul ko a manna faifan ɗumama a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan tanki, ƙasa da inda ruwa ke tsayawa idan ya yi ƙasa sosai. Bangon da babu ruwa a bayansa ba ya kwashe zafi, kebul mai wat tsayayye zai yi ta hauhawa a wurin. Tankin roba ko na zaren gilashi ba ya watsa zafi kamar ƙarfe: a yi amfani da mai daidaita kansa mai ƙaramin wat, a rufe shi da tef na alminiyam a duk tsawonsa, a kuma tabbata zafin kebul bai kai iyakar da bangon ke jurewa ba.

Mataki na huɗu: kula da zafi da kariya

Don hana ƙanƙara, na'ura ɗaya mai jin sanyin iska, a saita ta wajen digiri 5, tana iya kunna da'irori da yawa. Don riƙe zafin kaya, na'urar jin zafi, galibi irin da ake kira Pt100, tana zama a jikin bututun, nesa da kebul, nesa da bawul da ƙafafu. Idan ta jingina da kebul za ta kashe shi bututu bai ɗumama ba. Rassan da kaya ke gudana a cikinsu a lokuta daban-daban kowanne da da'irarsa. Idan kaya mai zafi yana wucewa ta inda na'urar take, za ta kashe wuta, reshen da ke tsaye shiru a gefe ya daskare.

Kowace da'ira tana buƙatar na'urar gano yoyon wuta zuwa ƙasa, yawanci mai miliamfiya 30, kuma a haɗa ragar ƙarfen da ke lulluɓe da kebul da layin ƙasa. Kebul da ya ji rauni yana iya yin tartsatsi a hankali cikin bargo ba tare da ya ja wutar da za ta faɗar da bireka na yau da kullum ba.

A yankin gas, zafin jikin kebul kada ya wuce iyakar ajin zafi da aka ba wurin: T3 digiri 200, T4 135, T6 85. Ko dai a nuna da lissafi cewa kebul ba zai wuce iyakar ba ko an bar shi a kunne a rana mafi zafi, ko a sa na'urar yanke wuta ta biyu mai zaman kanta. Ƙa'idar IEC/IEEE 60079-30 ce ke tafiyar da wannan, kuma akwatuna da murafu dole su zama waɗanda aka ba wa shaida tare da kebul ɗin.

Mataki na biyar: shimfiɗawa da gwaji

Kada a fara sai an gama gwajin matsin bututu da fenti. A shimfiɗa kebul a rabin ƙasa na bututu, wajen ƙarfe 4 ko 8 idan ka ɗauki bakin bututun kamar fuskar agogo, inda ƙafar mai takawa ba ta kaiwa, ruwan da ya taru a can ƙasa ma bai same shi ba. A gwiwa a bi ta bayan lanƙwasa. A ɗaure da tef na zaren gilashi kowace santimita 30. Wayar ƙarfe tana yanka rigar roba, salatif na roba kuma yana saki idan ya ji zafi. A kan ƙarfe mara tsatsa a zaɓi tef mara sinadarin kulorin, don gudun tsagewar ƙarfen. A jikin bawul da famfo a bar kebul a naɗe yadda za a iya zame shi ranar gyara ba sai an yanka ba.

A ƙarshen kebul mai wayoyi biyu a jere, kada a taɓa haɗa wayoyin da juna. Wanda ya saba da wayarin gida yakan so ya rufe da'irar, alhali a nan haɗa su shot ne kai tsaye. A raba su, a sa murfin ƙarshe na kamfanin.

Gwajin Megger, wato awon ƙarfin kariyar da ke hana wuta yoyo, tsakanin wayoyi da ragar ƙarfe sau uku ake yinsa: kebul yana kan dunƙulensa, bayan shimfiɗawa, da bayan an sa bargo da kwanon rufi. Ƙa'idar IEEE 515 ta fi son volt 2,500 ga mai rigar roba da 1,000 ga MI, kuma sabon kebul kafin a sa bargo kada ya gaza megaom 20. Wasu kamfanoni suna neman fiye da haka nesa. Gwaji na uku shi ne ke kama sukurun kwanon rufi da ya huda kebul. A rubuta sakamakon ukun, da boltej da amfiyar kowace da'ira bayan ta ɗan yi aiki, domin da su za a gwada na shekara mai zuwa. A manna alamar gargaɗi a kan kwanon rufi kusan kowace mita uku.

Idan layi ya yi sanyi alhali amfiya daidai take, a fara da bargo. Jiƙaƙƙiyar audugar dutse tana barin zafi ya fita ninki da yawa, kebul ɗin da aka lissafa wa busasshen bargo ba zai iya cike giɓin ba, kuma ruwan yakan shiga ne ta saman bawul, ta inda ƙafa ta ratsa kwano, ko inda aka buɗe don gyara ba a mayar ba. Idan na'urar yoyon wuta tana faɗuwa bayan ruwan sama, a buɗe akwatin haɗi da murfin ƙarshe tukuna. Idan amfiyar mai daidaita kansa tana raguwa shekara bayan shekara a zafi iri ɗaya, robar cikinsa ta ga zafin da ya fi ƙarfinta, sai a canza shi da na hawa mafi girma, a kuma binciko daga ina zafin ya zo kafin a shimfiɗa sabon.